Kwas din mafarki, zane da labaran alloli da na shiga a intanet: inda ya burge ni da inda muka raba gari

Bari in fara da hukunci kafin surutu ya kwashe ni. Kwas din yana da kyau, malamar ta san aikinta, amma ba kowa zan ce ya shiga ba, kuma duk wanda ya san akidarsa ba ta zauna daram ba ko kuma kansa yana dan hayaki a wannan tsakanin toh gsky ya dakata tukun. Ana ta tambayata wai fenti na koma koya ne ko me, shi yasa nace bari in rubuta a wuri daya kowa ya karanta in huta.

Kwas ne na intanet da turanci, ana haduwa kai tsaye ta bidiyo sau daya a mako, tsakanin haduwa da haduwa kuma akwai bidiyoyin da aka riga aka dauka da aikin gida. Abin da aka ce za a bincika shi ne surar Ubangiji da kowane mutum yake dauke da ita a ransa, ta hanyar mafarkinsa da zanen hannunsa da kuma tsoffin labaran alloli na al'ummu daban daban. Na san jin wannan kadai ya isa musulmi yace auzubillahi ya rufe shafin, domin mu dai a wurinmu magana ta kare a aya ta 11 cikin Suratu Shura, babu wani abu da ya yi kama da Shi. Abin da ya zaunar da ni shi ne bayanin malamar a darasin farko, tace mu ba Allah muke bincike ba, ba mu da wannan hurumin kuma ajin nan ba zai gaya wa kowa abin da zai bautawa ba, abin da muke dubawa shi ne zaton da kai kake yi maSa, wanda yake motsawa a kirjinka lokacin da ka daga hannu kana roko ko lokacin da ka yi laifi. Tace Carl Jung, likitan kwakwalwan nan na Suwizalan da aka haifa a 1875 ya rasu a 1961, wanda kusan duk kwas din a kan tunaninsa aka gina, ya sha nanata cewa shi a matsayinsa na likita hoton da ke cikin zuciyar mutum kadai yake iya magana a kai. Tana fadin haka hadisin kudsin nan na Bukhari da Muslim ya fado min, inda Allah yake cewa Yana nan a inda bawanSa ya zace Shi. Kullum ana mana wa'azin a kyautata zato ga Allah, amma wa ya taba zaunar da kai yace toh fito da zaton naka mu gani, mai kyau ne ko mummuna? Ni dai a nan na ga amfanin kwas din, kuma da wannan ma'aunin na auna duk sauran abin da aka koyar.

Bangaren mafarki shi ne ya fi komai, ko shi kadai aka bari da ban ce na yi asara ba. Ba wani abun mamaki aka koya mana ba fa, kananan dabaru ne amma suna aiki wlh. Littafi da biro a gefen filo, in ka farka kar ka taba waya, kar ma ka juya in zai yiwu, ka fara bin mafarkin daga karshensa kana komawa baya sannan ka rubuta kamar yanzu yake faruwa, ina tsaye a bakin kofa, ba na tsaya a bakin kofa ba. Sai ka ba shi suna kamar fim, sai ka rubuta abin da ka ji a jikinka da ka farka, tsoro ne ko kunya ko sanyi a rai. Ta dan shiga kimiyyar abun kadan, cewa a 1953 ne Aserinsky da Kleitman a Jami'ar Chicago suka gano wani mataki na barci da ido yake ta yawo a karkashin fatarsa, wanda in aka tashi mutum a lokacin yawanci zai ce mafarki yake, kuma wannan matakin yana dawowa kusan duk bayan minti 90 yana kara tsawo yayin da gari yake kusa wayewa. Shi yasa mafarkin asuba ya fi tsawo da tsari, shi yasa kuma masu cewa su ba sa mafarki yawanci mantuwa ce kawai. Akwai wani dattijo a ajin da ya rantse shi rabonsa da mafarki tun yana saurayi, kafin a gama kwas din shi ne yake cinye mana lokaci.

Dokar da ta fi burge ni ita ce in wani ya ba da mafarkinsa ba ka da ikon cewa ga ma'anarsa. Sai dai kace, da ni ne na yi wannan mafarkin da zan ji kaza, da zan tuna kaza. Mai mafarkin yana jinku, abin da ya taba shi ya dauka, wanda bai taba shi ba ya bar muku kayanku. Malamar ba ta yarda da littattafan nan masu cewa maciji makiyi ne, ruwa arziki ne, hakori ya fadi mutuwa ce ba, tace macijin mai kiwon macizai daban da na wanda maciji ya taba sarar kaninsa. Nan ne na ba su labarin da ake bayarwa na Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, cewa mutum biyu sun zo masa kowanne yace ya yi mafarki yana kiran salla, ya ce wa daya zai je hajji, ya ce wa dayan barawo ne, da aka tambaye shi dalili yace ya duba halin kowannensu ne, na farko ya tuna masa ayar a yi shelar hajji cikin mutane, na biyun kuma ya tuna masa mai shelar da ya kira ayarin yan uwan Annabi Yusuf barayi. Malamar ta yi shiru sannan tace dan Allah in rubuto mata sunan. Abun ya min dadi kuma ya ban haushi lokaci guda, mace mai koyar da mafarki da addini shekara da shekaru amma ba ta taba jin sunan Ibn Sirin ba, kuma a jerin abin karantawa babu ko layi daya a kan Suratu Yusuf, surar da ta bude da taurari 11 da rana da wata ta kuma bi ta kan shanu bakwai masu kiba da bakwai ramammu.

Inda muka dan yi sabani shi ne batun mummunan mafarki. Ita a wurinta shi ne ma ya fi daraja, shi take so a kawo aji a baje. Ni kuma nace mata a karantarwarmu mafarki kashi uku ne, na bushara daga Allah, na firgitarwa daga shaidan, da kuma wanda zuciya ce kawai take maimaita abin da ta wuni da shi, kuma mummuna ba a ba da labarinsa, mai kyau ma sai ga wanda kake so. Ba ta tilasta min ba, hakkinta ne in fada, amma duk sati sai ta sake tambaya cikin murmushi ko na shirya, kamar wani ciwo ne nake boyewa. Wannan ya dan gundure ni. Da ta natsu da ta ga cewa kashi na ukun nan, zancen zuci, shi ne ainihin filin da take noma, babu ma rigima tsakaninmu.

Sai zane. Kar wani ya ce bai iya zane ba, ba a son ma wanda ya iya. Ana sa ka rike kala da hannun da ba ka rubutu da shi, wani lokacin ido a rufe, minti kadan kawai, don kar wayonka ya samu damar shiga ya gyara. Sa mutum ya zana yadda yake ganin Ubangiji ya yi kama da irin aikin Ana-Maria Rizzuto, likita yar asalin Ajantina da ta yi aiki a Amurka, wadda ta sa marasa lafiyarta su zana iyalinsu su kuma zana yadda suke ganin Ubangiji, sannan ta fitar da sakamakon a 1979, inda ta nuna cewa hoton da yaro yake hadawa yana diban kayan gininsa ne daga uwa da uba da manyan da suka rene shi, kuma ko wanda ya girma yace bai yarda da Allah ba yana dauke da hoton Wanda yake cewa bai yarda da Shi din ba. Ranar da aka ce kowa ya zana, na rubuta mata a gefe cewa ni ba zan zana Allah ba ko da wasa, tace toh zana abin da kake ji a daidai lokacin da ka gama addu'a kafin ka shafa. Na rufe ido na bar hannun hagu ya yi abin da ya ga dama. Da na bude sai ga wani abu kamar katon littafin rijista a bude, layi layi, da jan biro a kwance a tsakiya. Babu fuska babu mutum, amma na gane shi nan take, domin duk wanda ya taba tsayawa a gaban babba ana duba sunansa ana neman inda ya yi kuskure ya san wannan jan biron. Na dade ina kallon takardar. Bakina yana cewa Arrahmanu Arrahimu sau nawa a rana, amma ashe can kasa abin da yake jira shi ne a ja masa layi. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ranar dai takarda aka tambaya kuma ba ta rufa min asiri ba.

Na wasu ma sun taba ni. Wata mata ta zana kofa a rufe da haske yana fitowa ta karkashinta, tace tun tana karama haka take ji, ana ciki ana hira ita tana waje. Wani ya cika takardar da shudi kawai yace teku ne kuma bai san ko dauke shi zai yi ko hadiye shi ba. Wani saurayi da ya ce shi ba ruwansa da addini ya zana tsoho mai farin gemu a kan gajimare, sak irin wanda Michelangelo ya zana a rufin cocin Sistine tsakanin 1508 da 1512, muka yi ta dariya har da shi, yace kun gani ko, Wanda ma ban yarda da Shi ba aro na yi.

Malamar tana nuna ayyukan mutanen da suka zana abin da suka gani a wahayinsu ko mafarkinsu, kuma a nan tana da kokari sosai, ba ta karanto sunaye kawai. Ta tsaya a kan Hildegard ta Bingen, matar zuhudun nan ta Jamus da ta rayu daga 1098 zuwa 1179, da hotonta na duniya mai siffar kwai da wuta ta kewaye. Ta nuna Hilma af Klint ta Suwidin wadda daga 1906 zuwa 1915 ta yi zane 193, da yawansu na da'irori da launuka, ta kuma bar wasiyya kar a nuna su sai bayan shekara 20 da mutuwarta, ta rasu a 1944, duniya ba ta waye da ita sosai ba sai da aka baje su a gidan tarihin Guggenheim na New York a 2018. Da kuma katon jan littafin Jung kansa, wanda ya yi shekaru yana rubutawa da zanawa da hannu bayan rabuwarsa da Freud, likitan kwakwalwan da suka yi aiki tare, a 1913, iyalansa suka ajiye shi ba a buga ba sai 2009. Daga nan aka sa mu yin mandala, da'ira ce kake zanawa ka fara daga tsakiya kana fita, kullum daya. Ni wannan ya fi kwanta min domin babu sura a ciki, kuma in ka jera na sati guda kana ganin ranar da hankalinka yake a tashe ba sai an fada maka ba.

Bangaren labaran alloli kuwa nan ne kwas din ya yi rauni, kuma abin takaici shi ne ya fi yawan bidiyo. Darasi daya ne ya tsaya min, na Inanna ta mutanen Sumer a kasar Iraki ta yanzu, wadda ta sauka lahira wurin yar uwarta Ereshkigal, kofa bakwai, a kowace kofa sai an cire mata wani abu, kambi, sarka, har tufafi, ta isa ba ta da komai aka kashe ta aka rataye. Aka ce kowa ya rubuta abu bakwai da yake jin in an cire masa shi ba kowa ba ne. Wannan aikin ya yi ma'ana. Sauran kuwa Girka ce da Girka, Zeus, Demeter, Dionysus, sai dan Indiya kadan a shafa, kuma duk an matse su cikin tsarin marubucin Amurka Joseph Campbell na 1949 mai cewa duk labaran jarumai na duniya labari daya ne, ka bar gida ka sha wuya ka dawo da kyauta. Idan ka riga ka yanke cewa duk labari daya ne ai ba za ka kara sauraron kowanne da kyau ba, abin da bai shiga tsarin ba sai a yanke shi a yar. Abin dariyar ma ita da kanta ta kawo maganar Xenophanes, bagirken da tun karni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa yace Habashawa suna siffanta allolinsu bakake, mutanen Thrace kuma masu shudin ido da jan gashi, kuma da dawaki suna da hannu da sun zana alloli masu kamar dawaki. Ta fada ta wuce, ba ta lura kwas din nata ma ya zana komai da kamannin inda ta fito ba.

Babban gibin shi ne an dauka kowa yana da fuska a ransa da yake boyewa, alhali kin yin sura shi ma tsohuwar hanya ce mai zurfi kuma tana da nata fasahar. Abin da aka ba wannan bangaren bai fi hoto daya na bangon Alhambra da ke Granada a karshen wani darasi ba, aka ce ga kyau, shikenan. Ina labarin Ibn Muqla na Bagadaza da ya rasu a 940, wanda ya auna tsawon kowane harafi da digon alkalami har rubutu ya zama lissafi? Ina hilya, wadda Hafiz Osman na Istanbul da ya rasu a 1698 ya tsara, inda maimakon a zana Manzon Allah SAW sai a rubuta siffofinsa da kalmomi a cikin da'ira, mai karatu ya gani da zuciyarsa? Yahudawa suna da hanin sassaka sura a cikin dokoki goma. Mabiya Buddha na farko a Sanchi da Bharhut ba su sassaka shi ba, sai sawun kafa ko kujera babu kowa ko bishiya, siffarsa ta mutum ba ta yadu ba sai wajen karni na 1 a Gandhara da Mathura. Kiristocin Rumawan gabas sun yi fiye da shekara dari suna rikici a kan hotuna, aka yi taron Nicaea na biyu a 787, rigimar ba ta mutu ba sai 843. Duk wannan kayan kwas ne a kan surar Ubangiji, ba kari ba ne. Na rubuta musu haka a takardar jin ra'ayi, amsar da ta dawo ta na'ura ce, mun gode da sakonka.

Akwai wani darasi da nake so a yi hattara da shi, wanda ake cewa ka zauna idonka biyu ka kira wani da ka gani a mafarki ka yi masa tambaya ka jira amsa ka rubuta hirar. Dabarar Jung ce, da ita ya rika hira da wani tsoho mai fukafukai da ya kira Philemon, amma shi kansa a 1913 da ya rika ganin ambaliya ta shafe Turai sai da ya ji tsoron ko hankalinsa ne yake tabuwa, kuma ya yi gargadi cewa abun yana da hadari ga wanda bai da kafa a kasa. Ni ban yi ba, dalilina na akida ne da kuma na hankali. Wata a ajin ta yi, ta dawo tana kuka tace kwana biyu ba ta runtsa ba, malamar ta lallashe ta da kyau tace ta nemi likita a inda take, amma fa a fom din rijista tambaya daya tak aka yi a kan lafiyar kwakwalwa, ita ma akwati ne kake dannawa ka wuce. Kwas da zai bude irin wannan kofar ya kamata a ce an yi hira da mutum kafin a karbi kudinsa.

Kananan abubuwa kuma, ana daukar duk haduwar kai tsaye a ajiye don wadanda ba su samu zuwa ba, ma'ana mafarkinka da kukanka suna nan a wani wuri, kuma sai da na tambaya kafin aka ce ana gogewa bayan an gama. Rubutun kasan bidiyo na'ura ce take yi, sunaye duk a hargitse, Ereshkigal ta koma wani abu daban. Jerin kayan da aka ce a saya ya yi yawa, fenti kala kala da burushi da takarda mai kauri, alhali kwalin kala daya na yara da farar takarda sun ishe ni har karshe. Lokacin haduwa an tsara shi ne don mutanen Amurka, sauran mu sai hakuri. Satifiket din da ake bayarwa kuma ado ne, ba ya sa ka zama mai fassara mafarki ko mai ba da shawara, kar wani ya rataya a ofis.

Wanda zai shiga ya rubuta musu tukun ya tambaya ko malamar da kanta take jagorantar haduwar ko mataimaka, mutum nawa ne a aji domin in sun wuce goma sha ba za ka samu bakin magana ba, ko za a iya kashe daukar bidiyo lokacin da kake ba da naka mafarkin, da kuma ko ana mayar da kudi in ka ga darasin farko bai yi maka ba. Ka kuma fada musu tun farko abin da ba za ka zana ba da abin da ba za ka fada ba, a rubuce, don kar a yi ta maimaita maka tambaya a gaban mutane.